Maganar Zaki da yarinyar mai koko, da batun filin atisayenmu

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda basu samu zuwa fili ba ranar Asabar ga abin da ya faru, don kar ku ji a bakin mutanen waje da ƙari. Muna tsaka da atisayen karnukanmu wajen bakwai da rabi sai Zaki, karen Alhaji Babba, ya fizge sarƙa daga hannun yaron da ke riƙe da shi, ya bi wasu yara masu tallan koko da suka ratso ta cikin makarantar da muke amfani da filinta, ya kada wata yarinya ƙasa, bokitin kokon ya kife, akwai yakushi a hannunta da ɗan wurin haƙori a dantse. Jiya da daddare mai unguwa ya aiko a kira ciyaman, hedimasta kuma yace in bamu kawo tsari a rubuce ba kafin Asabar mai zuwa to mu nemi wani filin. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa amma dan Allah banda zagi banda sitika.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Subhanallah, ni ina Zariya ranar sai yanzu nake ji. Ya jikin yarinyar?

Maman Iman: Da sauƙi alhamdulillah. Ni da Anti Laraba muka kai ta asibiti amma kafin nan sai da aka sha daru a gidansu. Muna shiga kakarta ta riga ta aiki wani yaro wai ya je ya tsigo gashin karen a ƙona a barbaɗa tokar a wurin shi kenan, ga wata maƙociya ta taho da gishiri a hannu wai a danna mata. Ni dai nace a bani buta da sabulun wanki, na kife turmi na zaunar da yarinyar, Anti Laraba na zuba ruwa ina wankewa, yarinya na ihu uwar na harara ta, buta ta ƙare aka sake cikowa aka sake har ruwa ya kwanta a tsakar gidan. Sannan fa suka yarda muka tari keke muka tafi. An mata allurar farko ta ciwon haukan kare an rubuta mata ranakun komawa a kati.

Dokta: Allah ya saka da alheri Hajiya, abin da kika yi shi ne daidai. Wankin nan da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15 shi ake fara yi kafin komai. Kuma jama'a ku daina cewa ai yakushi ne kawai, muddin fata ta fashe to asibiti za a je. Ciwon haukan kare yakan kwanta a jikin mutum wata ɗaya zuwa uku wani lokacin ma fiye, rauni ya warke kowa ya manta, ranar da alamunsa suka fito mutum ya fara tsoron ruwa ya kasa haɗiye yawu to kusan babu mai tashi. Hukumar lafiya ta duniya tace yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, irin wannan yarinyar dai. Zaki a killace shi kwana 10 ina zuwa ina duba shi, in ya cika yana ci yana sha lafiya lau hankali ya kwanta, amma ita ta ci gaba da allurarta kar a tsaya jiran sakamakonsa. Alhaji a turo min hoton katin riga-kafinsa.

Alhaji Babba: Haba Dokta sai kace karen bola. Zaki fa Bowabul ne ɗan asali, irin manyan karnukan gadin nan, uwarsa daga Afirka ta Kudu aka shigo da ita, abincinsa kaɗai a wata ya fi albashin wani. Wasa yake da ita, da cizo yake nufi wlh da yanzu ba wannan maganar ake ba. Kuma su waye suka ce yara su ratso ta inda ake horar da karnuka??

Anti Laraba: Alhaji hanyarsu ce fa. Tun kafin mu fara zuwa filin nan ta nan suke bi su fita bakin titi, mu ne baƙi a wurin

Dokta: Katin dai Alhaji.

Alhaji Babba: An masa bara kafin azumi, sai na sa a nemo katin a gida

Dokta: To ka ga ya haura shekara kenan, ya kamata a ce an sake tuntuni. Ƙwayar cutar bata tambayar nawa aka sayi kare.

Oga Bulus: Barkanmu da yamma. Bari in yi magana tunda ni nake tsayawa a gaban karnukan nan duk Asabar, kuma Yallaɓai ka yi haƙuri bada raini nake faɗa ba. Zaki ya haura kilo 60. Yaron da ka turo da shi in ya kai kilo 40 to da ƙyar, ya naɗe sarƙar a yatsu biyu yana latsa waya da ɗayan hannun, na masa magana har na gaji. Wannan ɗaya. Na biyu wanda ya fi damuna, karen nan a keji yake kwana a keji yake wuni, ba ya fita sai Asabar, bai san mace mai hijabi tana gudu ba, bai san yaro da tire a ka ba, bai san akuya ba. Duk abin da ya gilma a gabansa abin bi ne. Kwikwiyo daga sati 3 zuwa wajen sati 14 shi ne lokacin da yake sabawa da duniya, abin da ya gani a lokacin ya saba, wanda bai gani ba zai girma yana tsoronsa ko yana kai masa hari. Mu kuma a nan sai a sayo kwikwiyo a kulle shi a bayan gida a rufe kejin da buhu wai don ya yi zafi. Ba zafi yake yi ba ruɗewa yake. Lokacin da nake aiki da karnukan ƴan sanda karen da ya fi kowa iya kama ɓarawo shi ne kuma wanda zaka ratsa kasuwa da shi ko kallon mutane ba zai yi ba sai an bashi umarni.

Kuma ba Alhaji kaɗai ba. Rabin masu suna a rajista ban taɓa ganinsu a fili ba, masu gadi da yaran gida suke turowa. Ni kare bana wahala da shi, mai karen nake koya wa. In yaronka ya koyi komai gobe ya koma ƙauyensu, kai kace zauna kare ya kalle ka ya wuce.

Baban Khalifa: Gaskiya Oga ka taɓo mu da yawa 😅

Abba Malali: Ni tun watan jiya na kawo shawarar a bar mafarautan nan na bayan gada su shigo ƙungiya aka ce min a'a karnukansu zasu sa wa namu kaska. To yau wa gari ya waya? Su karnuka goma mutum ɗaya ke tafe da su ba sarƙa ba komai, fito ɗaya zai yi duk su dawo. Na ma sa Sakatare ya saka ɗan Sarkin Bakansu a gurup ɗin nan tun shekaran jiya yana karantawa

Alhaji Babba: Au abin har ya kai haka? Ba a shawarci kowa ba?

Sakatare: Da izinin ciyaman aka saka shi Alhaji.

Ɗan Baka: Salamu alaikum manya, ina gaisuwa. Ni ba mai yawan rubutu bane ku yi haƙuri. Mu dai yadda muka gada, kwikwiyo a tsakar gida yake tashi cikin yara da kaji da tumaki, in ya bi kaza a kwaɓe shi tun yana ƙarami, kuma wanda zai yi farauta da shi shi ke bashi abinci da hannunsa ba wani ba. In ya tasa sai a haɗa shi da manya a shiga daji, su ke koya masa rabin aikin. Yanzu damina ce muna gona karnuka na zaune, sai an yi girbi ciyawa ta bushe ake fita. In kun yarda mu zo mu ma muna da abin da muke nema a wajenku, duk shekara zawo mai jini yana kashe mana kwikwiyoyi, karya ta haifi bakwai a tsira da ɗaya ko babu, kuma allurar haukan nan gaskiya yawancinmu bamu taɓa yi ba.

Dokta: Zawon nan mai jini da amai da wari shi muke ce wa fabo, ƙwayarsa na iya yin watanni a ƙasa inda mai ciwon ya yi kashi, shi ya sa in ta shiga gida haihuwa bayan haihuwa take ɗauka. Akwai riga-kafinsa, ana farawa daga sati 6 zuwa 8 a maimaita bayan sati uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai wajen wata huɗu. Na haukan kare kuma daga wata 3 sannan duk shekara. Kuma bari in faɗa wa masu gudun karnukan gida wani abu, mu duka a ƙungiyar nan karnukanmu basu kai hamsin ba, unguwar nan kuwa Allah kaɗai ya san adadin na cikinta. Sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura sannan cutar ke daina yawo a tsakaninsu. Ko da ka yi wa naka, ɗanka da ƙafa yake zuwa islamiyya ta cikin lungun da wancan karen yake kwance.

Hajiya Mai Lasa: Ni fa ba ƙyama nake ba amma ku duba min, tawa ƴar ƙarama ce ko kilo bakwai bata kai ba ga gashi har ƙasa, karen farauta in ya hango ta tana tsalle ai zomo zai ɗauke ta

Oga Bulus: Hajiya kina da gaskiya a nan, wannan ba abin dariya bane. Karen da aka koya wa bin abin da ke gudu ba a sake shi kusa da ƙananan karnuka. Amma maganinsa raba lokaci. Ƙanana da kwikwiyoyi shida da rabi zuwa bakwai, manya bayansu, dama bana son atisaye ya wuce takwas saboda rana, kare ba ya gumi irin namu da haki yake fitar da zafi, Kokeshiyan ɗin Baban Khalifa, ƙaton karen nan mai yawan gashi, kuna gani bakwai da rabi harshe ya zubo har ƙirji. Mafarauta in sun zo su ma da igiya, babu wanda za a ɗaga wa ƙafa. Ɗan Baka ka ji ko?

Ɗan Baka: Na ji Oga. Zasu ɗan yi gardama don basu saba ba amma za a sa

Oga Bulus: Kuma ku sani kiran da Abba yake yabawa ba asiri bane, kowa zai iya. Igiya mai tsawon mita 10, hanta a dafa a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa a shanya ta bushe a zuba a aljihu. Ka bar kare ya yi nisa ya shagala da shinshine, ka kira sunansa sau ɗaya kace zo, in ya juyo ka ja da baya kana yaba masa, yana isowa hanta ta shiga bakinsa nan take ba sai ka gama laluben aljihu ba. Minti goma ya isa a tashi. Abin da ke ɓata shi shi ne mutum ya kira kare, kare ya zo, sai ya zabga masa bulala saboda takalmin da ya tauna ɗazu. To ka koya masa zuwa wajenka duka ne, gobe ko zaka fasa maƙogwaro ba zai zo ba. Kuma dan Allah a daina basu ragowar tsire da kilishi a matsayin lada, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, ƙashin kaza dafaffe kuma tsagewa yake ya soki hanji.

Abba Malali: Su kuma masu raina na gida, karen Azawak da Buzaye ke kiwo a arewacin Tawa da Mali ai irin namu ne dogo siriri, Turawa suka kwashe shi zuwa Turai a shekarun 1970 yau da takardar asali ake sayar da shi can. Namu ne kawai bamu ɗauke shi a bakin komai ba

Alhaji Babba: To Abba sai ka tura naka Faransa mu gani

Ciyaman: Ya isa haka. Ni na je wajen mai unguwa kuma maganarsa ta wuce ta yarinyar nan. Yace dama mutane na ta kawo masa ƙorafi, wai muna tara najasa a filin da ake sallar idi in masallaci ya cika, wai kashin karnuka a inda yara ke wasa, wasu ma cewa suke haramun muke aikatawa gaba ɗaya. Ustaz kana nan? Don ranar Juma'a zamu zauna da dattawan unguwa kuma wannan tambayar sai ta taso.

Ustaz: Ina nan ranka ya daɗe, karantawa nake. A mazhabar Imamu Malik da muke kai a ƙasar nan kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa bane, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki umarni ne da muke bi don ibada. Shafi'awa su suka tafi a kan najasa ce mai kauri. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne wannan babu ja, don haka mai unguwa ya fi mu gaskiya a nan, kowa ya zo da leda da ɗan shebur ya kwashe na karensa. Batun horarwa kuwa aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo in an ambaci sunan Allah, to ka ga aikin su Ɗan Baka ma shi ya fi na kowa hujja a cikinmu. Hadisi kuma ya tabbata cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum. Gadin gida malamai sun yi saɓani, da yawa sun yi ƙiyasi sun halatta, an ma ruwaito Ibn Abi Zaid mai Risala ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa Malik ya karhanta sai yace da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Amma na ado da kwana da shi a ɗaki ni bazan tsaya gaban dattawa in kare wannan ba, kar a sa ni.

Hajiya Mai Lasa: Ustaz ni tawa haushinta ya fi na manyan, ko ɓera ya motsa sai ta tashi gidan, gadi take 😂

Ustaz: Allah ya sa haka ne Hajiya

Ma'aji: Tunda an zo maganar zama da dattawa bari in faɗi abin da ke asusu don kar a yi alkawarin da ba za a cika ba. Kuɗin wata naira dubu biyu ne amma mutum goma sha ɗaya ne kawai suka biya na watan jiya, abin da ya rage bayan mun sallami mai sharar fili da ruwan da muke saye ba zai kai ko allurar yarinyar ta biyu ba. Ta farko Maman Iman ce ta biya daga jakarta, ga bokiti da kokon mutane da ya zube. Wa zai ɗauka?

Anti Laraba: Ai wannan ba abin tambaya bane, mai kare

Alhaji Babba: A filin ƙungiya abin ya faru a lokacin ƙungiya a gaban mai horarwa na ƙungiya. Kuɗin ba komai bane a wurina amma yadda kowa ya taso min kamar ni na aike shi shi ne bana so

Baban Khalifa: Alhaji ba wanda ya taso maka, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ka biya na asibitin ƙungiya ta sayi bokiti ta biya kokon, mu je gidan tare mu bada haƙuri a wuce wurin

Ciyaman: Haka za a yi. Sakatare ka rubuta wa hedimasta cewa daga yanzu ba kare da zai shigo fili sai da katin riga-kafi na cikin shekara Dokta ya gani da idonsa, mai kare da kansa zai riƙe ko babban mutum da Oga Bulus ya yarda da shi, duk karen da ya taɓa kai wa mutum hari da takunkumi zai zo, kuma zamu ja igiya mu bar wa masu wucewa hanyarsu ta gefen katanga. Zaki kuma bayan kwana goman zai huta wata ɗaya, Oga zai riƙa zuwa gida yana aiki da shi da Alhaji.

Oga Bulus: Da Alhaji fa, ba da yaro ba

Alhaji Babba ya fita daga gurup

Abba Malali: Tofa

Maman Iman: Ku bar shi ya huce, matarsa ƙawata ce zan kira ta anjima. Ni damuwata allurar yarinyar nan gobe Talata ce rana ta uku, ko ya biya ko bai biya ba ƙarfe takwas ina ƙofar gidansu

Dokta: Hajiya in kin je ki tambayi sauran yaran ko akwai wanda ya ji ciwo ya ɓoye don tsoron duka, suna yin haka sosai. Ciyaman ga shawara ta kuma, 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, tun 2007 ake yinta, ranar da Louis Pasteur ya rasu ce wanda ya fara yi wa mutum allurar a 1885. Me zai hana Asabar mafi kusa da ranar mu yi wa karnukan unguwa allura kyauta a filin nan? Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana haɗa ta karnuka, zan bi ta ofishin dabbobi na jiha in ji ko zamu samu, aikin hannuna kuma bazan karɓi ko sisi ba. Wannan in ka kai wa dattawa ranar Juma'a ya fi takarda.

Ɗan Baka: In dai kyauta ne Baba zai sa a yi shela, daga wajenmu kaɗai zaku ga karnuka sun fi sittin. Amma a gaya wa mutane da baki cewa allurar bata kashe wa kare zuciya, don abin da yawancinsu ke tsoro kenan wai in an yi masa ba zai ƙara bin nama ba

Dokta: Bata taɓa hanci bata taɓa gudu. Ka fara kawo naka a yi a gabansu

Hajiya Mai Lasa: Sittin?? To ni ranar tawa tana gida a kulle, amma zan kawo kunun aya da kujeru

Ma'aji: Sirinji da safar hannu da katin da za a rubuta wa kowane kare duk kuɗi ne fa. Masu bashin wata uku na san ku, zan fara kiran suna a nan in Laraba ta yi

Baban Khalifa: Ma'aji ka duba na turo yanzu har da na wata mai zuwa, kar a kira ni

Dokta: Saura abu ɗaya, allurar sai da sanyi, in ta yi zafi ta zama ruwa kawai. Kwana uku kenan bamu da wuta a layinmu. Wa ke da sola da firji a kusa da makarantar, kuma wa zai bamu aron kula babba da ƙanƙara?

Anti Laraba: Kula ina da guda biyu. Firji mai sola kam a layin nan gidan Alhaji Babba ne kawai

Sakatare: To Maman Iman in kin kira matar tasa sai ki haɗa da wannan